Ƙoƙon da Na Karanta a Baibai

Masu bin labarina, ku gyara zama, yau da kunya na zo. Wanda bai san ni ba, sunana Azara, shekarata ashirin da bakwai, ina koyar da darasin kwamfuta a ƙaramar sakandare a nan Kumbungu. Kada ku yi saurin cewa na haye. A duk makarantar babu kwamfuta ko ɗaya, ko gawarta babu. Da alli, da duwatsu, da ƙoƙuna muke koyar da ita, ni da Masta Wumbei.

Shi ne ya kawo dabarar ƙoƙunan shekara biyu da suka wuce. Wata safiya ya shigo ɗakin malamai da ƙoƙunan shan koko guda biyar a ɗaure bayan babur ɗinsa, malamai suna ta yi masa tsiya wai ya koma talla. Bai kula su ba. Ya jera su a kan teburina ya ce, "Madam Azara, kwamfuta abu biyu kawai ta sani a duniya, akwai da babu. Ƙoƙo a buɗe akwai ne, a kife babu ne."

Ga yadda abin yake, don ku fahimci abin da ya same ni. Ana jera ƙoƙuna biyar. Idan kana kallonsu, na ƙarshe a hannun damanka ɗaya ne, na kusa da shi biyu, sai huɗu, sai takwas, na can ƙarshen hagu goma sha shida. Waɗanda suke a buɗe kaɗai ake haɗawa. Lambar da ta fito kuma ana iya mayar da ita harafi: ɗaya A, biyu B, haka har ƙarshe. Yaranmu da ba su taɓa danna komai ba sai wayar iyayensu, cikin mako biyu suka iya rubuta sunayensu da ƙoƙuna. Ni kuma cikin mako biyun nan na faɗa son mutumin, ban ma san ranar da abin ya faru ba.

Ni ce ma na ƙara wata doka a darasin. Wata rana yara suka kewaye ƙoƙunan, na gaba suna ihun ɗaya ne, na baya suna rantsuwa sha shida ne, har aka kusa dambe. Daga ranar na ce a riƙa ajiye dutse kusa da ƙoƙon farko. Kullum ina ce musu, "Kafin ka karanta saƙo, ka fara sanin ta wane gefe kake kallo." Har waƙa suka mayar da maganar.

To, Wumbei mutum ne mai nauyin baki. Shekara biyu yana kawo min wasawasa, dambun garin doya, a ganye duk ranar kasuwa, yana gyara min takardun darasi, yana raka ni har bakin lungunmu yana tura babur, amma kalmar da nake jira ta ƙi fitowa. Da na matsa masa a watan jiya, sai ya sunkuyar da kai.

"Azara, kin san ba a rufe makokin babana ba. A gidanmu ba a maganar aure sai an rufe."

"Sai yaushe ke nan?"

"Ƙarshen wata. Ki yi min haƙuri. Ranar da bakina ya buɗe, da ƙoƙo zan faɗa wa duniya."

Na yi dariya a lokacin. Da na sani ban yi ba.

A gida kuwa Gwaggo Sanatu ta tasa ni gaba. Ita ce yayar babana, ita ta ɗauke ni tun ina shekara huɗu kamar yadda ake yi, don haka maganar aurena a hannunta take, Baba sai dai a gaya masa. Sau biyu mutanen Abukari mai injin casar shinkafa suna zuwa gaisuwa da goro. Ba zan yi masa ƙarya ba, Abukari ba shi da aibu. Ya dawo daga Kumasi da sana'arsa, ba ya sha, ba ya neman faɗa, bai taɓa aure ba, idan ya gan ni har ƙasa yake gaida ni kamar wata surukarsa. Aibinsa ɗaya, ba Wumbei ba ne.

"Ni ban ce dole ba," in ji Gwaggo, tana tuƙa tuwo tana hararata. "Ke ba yarinya ba ce. Amma sau biyu ina mayar da mutane da 'sai mun yi shawara'. Juma'ar makon gobe za su dawo na uku. Ko e ko a'a, ki ba ni abin da zan faɗa. Shi mai ƙoƙunan naki, ko ɗan akuyar gidansu bai taɓa turowa ba."

"Makoki ne ya riƙe shi, Gwaggo."

"Makoki. To Allah ya ji ƙan mamaci, ya kuma ji ƙan masu jira."

Ana cikin haka Pumaaya ta iso. Ita ce 'yar bautar ƙasa da aka turo mana a farkon zangon nan, ta gama jami'a a Tamale, gashin idonta kamar tsintsiya, turarenta yana riga ta shiga aji. Abin da ya fi ƙona min rai, 'yar kawun Wumbei ce, wato taubashiyarsa. Kun san wasan taubasai ba shi da linzami. A gaban kowa take ce masa "maigidana", ta zare masa hula ta ce sai ya fanshe ta da ƙosai. Kowa dariya yake yi. Ni kaɗai nake tuna cewa taubasai da yawa a garin nan da wasa suka fara, yanzu suna da 'ya'ya biyar.

Ranar Asabar aka rufe makokin. Na ci kwalliya daidai gwargwado, atamfa mai ruwan ƙasa da mayafi fari, na ɗauki kwanon shinkafa na tafi. Ina shiga gidan, wa zan gani a bakin murhu? Pumaaya, sanye da ankon dangi, ta ɗaure ɗankwali a kunkumi tana ba da umarni kamar matar gida. Wumbei yana can cikin maza da rigar saƙinsa mai baƙi da fari, ita ce ta kai masa ruwa, ita ce ta karɓi kwanona.

"Yaya Azara, sannu da zuwa! Ki zauna can wajen baƙi, kada hayaƙi ya ɓata miki mayafi."

Wajen baƙi. Na zauna a kan benci tsakanin wasu tsofaffi biyu, ina amsa gaisuwa "naa, naa", zuciyata tana tafasa. Na san gaskiya ta faɗa, baƙuwa ce ni a gidan. Gaskiyar ce ma ta fi yi min ciwo.

Litinin muka yi darasin da ya ƙarasa ni. Akwai wasan da muke yi a ƙarƙashin bishiyar mangwaro, mutum ɗaya ya zama kwamfuta, a ɗaure masa ido, wani ya riƙa ba shi umarni har ya kai wajen bokiti. Abin da ake so yara su gane shi ne kwamfuta ba ta da wayon kanta, abin da ka ce shi za ta yi, ko da rami ne a gabanta. Shekara biyu ni ce kwamfutar, Wumbei ne mai umarni. Ban taɓa gaya wa kowa ba, amma minti goman nan da nake tafiya ido a rufe ina bin muryarsa sun fi min duk sauran mako daɗi.

Ina ciro ɗankwalin ɗaure idon daga jaka, Pumaaya ta fizge.

"Yaya, yau ki huta, bari ƙanana su gwada. Maigidana, zo ka ɗaure min."

Ya kuwa ɗaure mata. Da hannunsa. Na tsaya riƙe da alli kamar wadda aka dasa.

"Taku uku gaba," in ji Wumbei.

Ta yi uku.

"Juya dama. Taku biyu."

Sai ta juya hagu, ta yi taku biyu manya, ta faɗa ƙirjinsa. Yara suka fashe da ihu, wasu har da buga benci. Ta cire ɗankwalin tana dariya tana cewa, "Wayyo, kwamfutar ta lalace, sai mai gyara!"

"Kwamfuta ba ta kuskuren dama da hagu," na faɗa da muryar da ni kaina ban san ina da ita ba. "Idan ta yi, to ba lalacewa ta yi ba, abin da take so ke nan."

Yara suka daina dariya. Wumbei ya dube ni, ya dubi ƙasa. Pumaaya ta ce, "Kai, Yaya, wasa ne fa." Na ce wa yara su koma aji, na juya na bar su a tsaye.

Da yamma saƙonsa ya shigo.

"Azara, ranki ya ɓaci?"

"A'a. Me aka yi?"

"Kin san halin Pumaaya, yarinta ce."

"Yarinya mai digiri."

"Ki ƙara min kwana huɗu kacal."

"Juma'a mutanen Abukari za su zo. Na gaya maka."

"Na sani. Ki yarda da ni."

Na karanta "ki yarda da ni" ya fi sau ashirin. Talata da Laraba ban shiga ɗakin malamai ba, a aji nake cin tubanina ni kaɗai. Ta taga ina hango su suna gyara ƙoƙunan da suka tsage, kansu a haɗe, tana riƙe masa zare. An ce kishi kumallon mata, ni nawa ya wuce kumallo, har abinci ya daina yi min ɗanɗano. Na fara lissafa abubuwan da ban taɓa lissafawa ba: ta fi ni haske, ta fi ni ƙuruciya da shekara huɗu, ta san sunan kowace tsohuwa a gidansu, uwarsa tana kiranta 'yata.

Juma'a da safe ba ni da darasi, ina gida ina guga. Wajen ƙarfe goma na ɗauki waya, sai na ga Wumbei ya sa hoto a status, shi da rabonsa da sa hoto tun Sallar bara. Nan take na buɗe.

Yana tsugune a ƙarƙashin mangwaron makaranta, ya miƙa hannu ya ɗauki kansa, yana murmushin nan nasa na gefe ɗaya. A gabansa ƙoƙunanmu biyar a jere, huɗu a kife, ɗaya a buɗe. A ƙasa ya rubuta: "Bakina ya buɗe. Ita ce."

Na duba ƙoƙon da yake a buɗe. Na can ƙarshen hagu ne.

Ba sai na ɗauko takarda ba, ni nake koyar da abin. Ƙarshen hagu sha shida. Na ƙirga da yatsu duk da haka, ina fatan na yi kuskure, A, B, C, har na kai. Harafi na sha shida P ne.

Jama'a, ban yi kuka ba. Na zauna a bakin gado, ina jin ƙaurin rigar da dutsen guga yake ƙonawa, na kasa tashi. Wato kwana huɗun da ya roƙa na shirya wannan ne. Wato da ƙoƙunan da ni nake wankewa duk Juma'a zai sanar da duniya sunan wata. Ina cikin haka na ga Pumaaya ita ma ta ɗora hoton a nata, ta jera zukata jajaye, ta rubuta "Maigidana ya yi magana, a kawo goro!" Na kashe wayar gaba ɗaya, na cusa ta ƙarƙashin filo.

Bayan an sauko daga masallaci mutanen Abukari suka iso, dattawa uku da wata gwaggonsa, da ƙwaryar goro a lulluɓe da farin ƙyalle. Gwaggo ta shigo ɗakina ta rufo ƙofa.

"To, 'yar boko. Me zan ce?"

"Ki ce na amince."

Ta tsaya tana kallona. "Sake faɗa."

"Na amince, Gwaggo."

"Azara, goro in an raba ba a tattaro shi. Kin ji ko?"

"Na ji."

Na sa leshina mai ruwan zuma, wanda na ajiye don wata rana daban, na shafa jan baki, na fita na durƙusa na gaida su. Gwaggon Abukari ta rangaɗa guɗa har kajin gidan suka watse. Aka kira Baba a waya ya sa albarka. Kafin la'asar goro ya shiga gidan Liman, da gidan kawunnaina biyu, da duk maƙwabtan lungu. Ni ina zaune ina murmushi, abin da nake faɗa a raina kawai shi ne bari labari ya kai masa, shi ma ya ji yadda ake ji.

Da baƙi suka tafi, muka rage ni da Gwaggo a tsakar gida. Ta fasa goro ɗaya fari, ta jefa ɓari a baki. Na miƙa hannu na ɗauki ɗayan ɓarin.

"Ke da ba kya cin goro?"

"Yau zan ci."

Na gartsa. Ɗaci ya cika min baki, na ci gaba da taunawa don taurin kai. Gwaggo ta daɗe tana nazarina, sannan ta ce, "Ni na raine ki, na san e ɗinki na gaskiya, na san na fushi. Na so in ƙi kai maganar, sai na ce kada ki ce na hana ki miji. Me mai ƙoƙunan ya yi miki?"

Nan hawayen suka zo. Na shiga na ɗauko wayar na kunna, saƙonni suna ta shigowa, ban duba ko ɗaya ba, na buɗe hoton na miƙa mata. Na yi mata bayani ina shessheƙa, wannan ɗaya, wannan biyu, wancan sha shida, sha shida kuma sunan Pumaaya. Gwaggo ba ta taɓa zama a aji ba, ko sunanta da dangwale take sawa. Ta nisanta wayar daga idonta, ta karkata kai, ba ma ƙoƙunan take kallo ba.

"Wannan hoton ƙarya yake yi."

"Gwaggo, ga shi a fili..."

"Na ce ƙarya yake yi. Wumbei ɗan Fusheina ba? Ni na riƙe shi ranar da wanzami ya yi masa tsaga, muna maƙwabtaka da uwarsa a lokacin. Tsagarsa a kuncin hagu take. Wannan kuwa ta koma ɗaya kuncin. Ko tsaga tana ƙaura ne yanzu?"

Na karɓi wayar. Na dubi fuskar da na shekara biyu ina kallo a sace. Tsagar ta sauya gefe. Agogonsa ma ya koma ɗaya hannun. Aljihun rigarsa ya koma ɗaya ɓangaren.

Da kyamarar gaba ya ɗauka, wadda take juya komai kamar madubi. Ya jera ƙoƙunan yadda muke jera wa aji, don mai kallo daga gaba, wayar ta juya su, shi kuma sarkin zumuɗi bai duba ba, bai kuma ajiye dutsen ba. Ƙoƙon da yake a buɗe ba na ƙarshen hagu ba ne. Na ƙarshen dama ne. Ɗaya. Harafin farko.

Ni da nake sa yara sittin suna rera "ka fara sanin ta wane gefe kake kallo", ni ce ban tambaya ba. Fuskar mutumin tana gabana tana gaya min gaskiya, idona yana kan sunan wata.

Na buɗe saƙonnin. Na Pumaaya ne a sama, tun ƙarfe goma da rabi: "Yaya Azara, barka! Wallahi tun Litinin nake tsokanarsa ya yi magana ya ƙi. Yanzu ke ce matar maigidana, ki shirya, wasan ya dawo kanki." Sai na Wumbei, guda bakwai a jere.

"Kin gani?"

"Ƙoƙo na ɗaya. Ba sai na fassara wa malama ba."

"Azara, wayarki a kashe."

"Wani yaro ya ce min hoton ya juya. Na shiga uku. Kin dai gane ko?"

"Don Allah kada ki ba su amsa."

"Kawuna ya taso daga Tolon don maganarmu, motarsu ta tsaya a hanya. Bayan la'asar za mu iso."

"Mun shigo gari."

Na ƙarshen, minti shida da suka wuce aka turo shi.

"Gwaggo," na ce, muryata ba ta fita sosai saboda goron da ke bakina. "Sunana ne. Ni ya rubuta."

Ta dubi ƙwaryar Abukari da goro uku suka rage a ciki, ta dubi leshin da ke jikina. A lungu muka ji ƙarar babur ɗin da ko cikin barci na san shi, da wata yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, a bayansa. Suka tsaya daidai ƙofarmu. Muryar wani dattijo ta yi sallama, sau ɗaya, sau biyu.

Gwaggo ta miƙe a hankali, ta gyara ɗaurin zaninta, ta amsa sallamar da ƙarfi. Sannan ta sunkuyo daidai kunnena.

"Baƙi ne a ƙofa, ba a gaida mutane da abu a baki. Goron nan, ko ki tofar ko ki haɗiye."